Injin Ban Ruwa da Aka Hana Kowa Taɓawa

Ku samarin da kuke kafa wa mutane famfon sola a lambu, da ku nake, musamman Nura jikan ƙanwata, wanda ya zo rumfata aron sifana ya tsaya yana yi mini dariya. Wai aikinmu na da wahalar banza ce. Wai su in sun haƙa rami, sun zura famfo, sun jera gilasai, sai su ɗauki hoto a waya su kama gabansu, rana ce za ta ƙarasa sauran aikin. Na tambaye shi wa zai riƙa goge gilasan, wa zai lura in ruwa ya yi ƙasa, wa zai kashe famfon in ya fara wani kuka da ba nasa ba.

"Haba Kaka," in ji shi, "ai cewa muke wa kwastoma kada ya taɓa komai. In an samu matsala ya kira mu."

Sai da na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Na daɗe ban ji maganar da ta ɓata mini rai irin wannan ba, domin na taɓa jin ta daga bakin wanda ya fi Nura girma nesa ba kusa ba, na kuma ga abin da ta haifa. Tunda ba ku da haƙurin zama ku saurari tsoho, ga shi a rubuce, ku karanta a wayar taku.

Ni ne Habu, wanda mutanen Wudil ke kira Habu Mai Famfo. Aikin farko da maigidana Malam Tanko ya ba ni a tasha shi ne wanke kayan inji da kananzir a cikin rabin garwa. Bakaniken manyan motoci ne, Allah ya jiƙansa, ga iya aiki ga saurin hannu, kuma saurin hannun ba a kan inji kaɗai ya tsaya ba, ƙeyata shaida ce. Na wanke noti da boris har fatar hannuna ta saɓe kafin ya yarda in riƙe sifana. Ko da na fara riƙewa, ba kwancewa ya fara koya mini ba, saurare ya koya mini. Sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji yana aiki, ya manna mini ƙotar a kunne, ya ce, "Me ka ji?" In na ce ƙara na ji, sai ranƙwashi. A hankali na gane inji yana da kukan lafiya, yana da na yunwar mai, yana da na zafi, kuma kafin ya mutu sai ya daɗe yana faɗa.

Wani direba ɗan Dagumawa ya taɓa kawo mana motarsa ta ɗaukar gyaɗa. Muka sauke injin, muka gyara, muka ɗaura, ta tashi lafiya lau. Ya miƙa hannu zai karɓi makulli, Malam Tanko ya jefa shi a aljihu. Ya ce sai direban ya nuna masa da hannunsa yadda ake duba baƙin mai, da yadda ake fitar da iska in gas ya ƙare a hanya, da inda ake ɗura giris. Direban ya hau faɗa, wai shi da ya je Ikko ya dawo za a mai da shi ɗan makaranta. Maigidana ya ce, "Ko Makka ka je da ita. Motar nan wuni take yi a hannuna, a hannunka take shekara. In ba ka san ta ba, aikina ka zo ka zubar." Haka yake wa kowa. Wasu sun guji garejinsa saboda haka, amma motar da ta fita daga hannunsa ba ta saurin dawowa.

Ranar da ya yaye ni ya ba ni akwatin ƙarfe. A ciki akwai sifanu, da filaya, da guduma, da sukudireba, da famfon giris, da wani ƙullin tsumma. Tsumman nan da kuke rainawa ya fi sauran yin aiki. Injin da ba a gogewa, ba ka ganin inda mai ke tsiyaya, ba ka ganin notin da ya fara saki, sai ranar da abu ya fashe a ce ƙaddara. Har yau in na ga bakanike babu tsumma a aljihunsa, na san kwancewa kawai ya iya.

Sai kuɗin mai suka faɗo ƙasar nan, bayan yaƙi, lokacin da aka bar fam da sule aka koma naira. Ku ba ku ga wannan zamani ba. Mako ba ya wucewa ba ka ji makaɗa a wani wuri ana buɗe wani abu ba: yau rijiyar burtsatse, gobe injin wuta, jibi an jera motocin noma sababbi fil ana yi musu hoto. Wani ofis a Kano da ke kawo wa manoma injinan ban ruwa ya ɗauke ni aiki saboda na san injin gas. Aka ba ni babur, aka ce duk injinan da aka kafa a ƙasar Wudil, daga na bakin kogi har na rijiyoyin wajen Indabo da Lajawa, ni ne mai kula da su. Ni kaɗai. Na tambaya ina ma'ajiyar kayan gyara, ina filta, ina bel, ina baƙin mai na canji. Akawun ofishin ya dube ni kamar na tambaye shi likkafani ranar suna, ya ce, "Malam Habu, ai sababbi ne. Ka bari su lalace mana tukuna."

Injin da ya fi kowanne girma an kafa shi a wani ƙauye a gaɓar kogi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, jikokin mutanen na nan da ransu. Kore ne, a kan dakalin siminti, da famfo a gefensa, da wani tiyo mai kauri da ya gangara cikin kogi, an sa wa bakinsa raga don kada ya zuƙi shara. Daga famfon ruwa ke hawa magudanar siminti ya nufi tudu, inda ba a taɓa noman rani ba. Abu ɗaya nake so ku riƙe: da ruwan da yake ja injin nan yake sanyaya kansa. In bakin tiyon ya fita daga ruwa inji yana aiki, to dafa kansa yake yi.

A ƙauyen akwai wani dattijo mai lambu, Baba Ilu. Albasa yake nomawa tun yana yaro, da jigo, wato sandar nan mai guga a kai ɗaya da dunƙulen laka a ɗaya kan, wadda ake ɗebo ruwa da ita a zuba a lambu. Irin albasarsa na gado ne, daga hannun mahaifinsa ya karɓa, kowace shekara ya ware fangali ya bar shi ya yi fure ya fitar da irin baɗi. Ja ce, mai tauri, tana daɗewa a ajiye ba ta ruɓa ba. A kasuwar Juma'a ta Wudil 'yan kudu da sunansa suke tambaya. Wannan mutum babu wanda ya taɓa koya masa kula da kayan aiki. Igiya ta ci, ya canja. Guga ya ɓule, ya ɗinke. Kogi ya ja baya, ya tumɓuke jigon ya bi shi. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku ce mutanen ƙauye ne ba su san darajar kaya ba.

Ranar buɗe injin nan na wanke shi har yana ɗaukar ido. Aka kafa rumfa, aka zo da makaɗa, wani babba ya zo daga Kano da jerin motoci da 'yan sanda. Ya yanka ƙyalle, na juya hannun tayarwa, inji ya kama, ruwa ya hau tudu, mata suka yi guɗa. Sai babban nan ya yi jawabi, ya rufe da cewa, "Wannan inji dukiyar gwamnati ce. Kada in ji an ce wani ya taɓa shi. Dagaci, amana ce na bar maka." Ya shiga mota ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Ni na san abin da yake nufi, ɓarayi yake nufi. Amma ba haka dagaci ya ji ba. Washegari sankira ya zaga gari da shela, wai duk wanda ya kai hannu jikin inji, ko tiyonsa, ko famfonsa, ya kuka da kansa. Aka zagaye injin da waya, aka sa kwaɗo, aka ba wani Audu maigadi makulli. Ɗan kwangilar da ya kafa injin ya koya wa Audu tayarwa da kashewa, ya ce iyakarsa ke nan, shi ma ya tattara ya tafi. Babu wanda ya zauna ya ce to, an kafa, daga gobe wa zai yi me. An shirya wa ranar buki komai har da wanda zai riƙe almakashi, ba a shirya wa washegari komai ba.

Shekarar farko abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ruwa ya wadata. Baba Ilu ya tumɓuke jigonsa ya yi rumfa da itacen, ya bar ɗan lambunsa na bakin ruwa ya koma tudu, inda ya samu fili mai faɗi a gefen magudana. Ya ce mini tun da aka haife shi bai taɓa kwana kafaɗarsa ba ta ciwo ba sai bana. Sauran masu lambu duk suka bi shi tudu.

Share bakin tiyo shi ne aikin da ya fara nuna mini akwai matsala. Kun san kogin Wudil, yashinsa ba ya zama wuri ɗaya, inda kuka yi iyo jiya yau tsibiri ne. Kullum safiya ya kamata wani ya shiga ruwa ya kakkaɓe ragar, ya cire ciyawa, in ruwa ya ja baya ya ƙara tura tiyon ciki. Aikin da ko mai wanki a bakin kogi za ta yi da hannu ɗaya. Amma ni ina can ina fama da wani injin a Lajawa, sai in zagayo in tarar ruwa yana fita siriri, raga ta cushe da yashi, ga ƙarti a gindin bishiya suna jiran Habu. In tuɓe riga in shiga in share, ruwa ya dawo, su yi ta sa mini albarka. Albarkar nan haushi take ba ni.

Na ce musu, "Yanzu fisabilillahi wannan ma sai kun jira ni?"

Suka ce, "An ce kada a taɓa."

Kuma ba tsoron banza suke ba. Akwai wani magidanci, Ɗanlami, ya ga mahaɗar tiyo tana zubar da ruwa, ya yanko robar tayar keke ya ɗaure wurin tamau. Da na zo na gani, ni kaina ba zan ɗaure fiye da haka ba. Amma wani ya kai gulma, aka kira shi ƙofar dagaci, aka sa shi durƙuso a rana a gaban jama'a da surukansa, ana ce masa mai taɓa kayan gwamnati. Daga ranar kowa ya mai da hannunsa aljihu.

Wata rana ina canja baƙin mai, wanda sai da na yi ta sintiri a ofis kafin in samo, na ga Baba Ilu tsaye a bayan waya yana kallo. Na ce, "Baba, shigo ka gani."

"Ina gani daga nan, ɗana."

Na nuna masa wani ɗan ƙarfe mai jan kai a gefen injin. Na ce, "Ka ga wannan? In ka ji kukan inji ya canja, ko ka ga ruwa ya ɗauke a magudana, ja shi kawai za ka yi, gas ya yanke, inji ya mutu. Shi ke nan. Sauran ka bar mini."

"Na gane," in ji shi. "Ai ba wuya, ko jikata za ta iya. Amma Habu, kai in ka taɓa, aikinka ne. Ni in na taɓa, sai ƙofar dagaci. Da furfurar nan tawa kake so a sa ni durƙuso a rana?"

Daga nan na wuce gidan dagaci da baƙin mai a hannuna. Na faɗi na yi gaisuwa, muka gaisa har gida da gona, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, shelar nan za ta kashe injin nan. A ba ni mutum biyu ko uku cikin masu lambu in koya musu, a kuma sake shela a ce an yarda su taɓa."

Ya ce, "Malam Habu, maganarka gaskiya ce. Amma ni ba ni na hana ba, ni ma hana ni aka yi. Kana wurin. Wanda ya ɗora mini amanar nan shi zai zo ya sauke."

Na hau babur sai Kano. A ofis akwai wani matashin injiniya, Bashir, kada ku ɗauka sakarai ne, ya fi ni sanin injin nan ciki da waje. Kafin in gama magana ya riƙe kai. Ya ce su ba su taɓa kafa wannan doka ba, hasali ma shi ya nemi a koya wa manoma tun farko aka ce babu lokaci, ranar buki ta matso. Ya shiga ƙaramar motarsa ya biyo ni har ƙauyen, ya zauna gaban dagaci ya yi bayani tiryan-tiryan. Dagaci ya saurare shi, ya sa aka kawo masa fura, sannan ya ce, "Yallaɓai, na ji, na kuma gode. Amma wancan a gaban jama'a ya faɗa, da 'yan sanda a bayansa. Kai ka zo kai kaɗai, a zaure muke. Gobe in abu ya ɓace a jikin injin nan, ni za a tambaya, kai kana Kano."

Ba na ganin laifin dagacin sosai, zamanin soja ne, ya ga an tuɓe rawani a kan abin da bai kai wannan ba. Laifin na wanda ya saki magana ya tafi ne. Muka nemi babban nan, aka ce an canja masa wurin aiki tuni. Muka nemi wanda ya gaje shi ya zo ya janye, aka ce yallaɓai ba ya fita sai in akwai abin da za a buɗe. Ku ji fa! Babba zai yi doguwar tafiya don ya yanka ƙyalle, amma ba zai yi ta don ya ce wa manoma ku share bakin tiyo ba.

Shekarar da abin ya faru damina ba ta yi ƙarfi ba, kogi ya fara ja da baya da wuri. Baba Ilu kuwa ya cika filinsa na tudu da albasa kaf. Saboda faɗin filin sai da ya zazzage duk irin da ya ajiye, bai bar ko ƙwaya a gida ba, da yake ga fangalin iri nan a gefe zai fitar masa da wani. Albasa ta kama, ta fara sa kai, lokacin da in ta rasa ruwa ba ta yafewa. A daidai lokacin aka aiko daga ofis wai in bar komai in tafi can nesa in taya kafa wasu sababbin injina, akwai buki. Na ce kogi yana sauka, injin nan yana bukatar ido kullum. Aka ce wanda ke aiki ai ba shi da matsala, waɗanda ba a kafa ba su ne matsala. Na roƙi Audu maigadi kada ya yi nisa da inji in ya tayar, na tafi raina a ɓace.

Abin da ya faru ba a idona ba ne, amma duk wanda na tambaya a ƙauyen bakinsu ɗaya. Ranar Juma'a ce. Audu ya tayar da inji da safe, ya ga ruwa na tafiya, ya sa kwaɗo ya tafi kasuwar Wudil sayen magani wa matarsa. Da hantsi ruwa ya zame daga bakin tiyo. Baba Ilu yana cikin albasarsa ya ga magudana ta ɗauke. Ya gangaro, ya ji kukan inji ya canja, ya leƙa kogi ya ga raga a waje tana zuƙar iska. Ya kwaɗa kira, mutane suka taru. Kowa a wurin ya san abin da ya kamata a yi: ko a tura tiyon cikin ruwa, tazarar da ba ta wuce kamu ba, ko a ja jan ƙarfen nan. Wayar da aka zagaye injin da ita ko akuya tana tsallakewa.

Baba Ilu ya ɗaga riga, ya sa ƙafa ɗaya ya ƙetare wayar. Ya miƙa hannu. Sai wani daga baya ya ce, "Baba, ka tuna Ɗanlami." Ya tsaya da hannu a miƙe, ya dubi mutane, ya ga duk shi suke kallo. Ya janye hannun, ya dawo da ƙafarsa.

Shawarar da suka yanke ita ce a tura mai keke ya nemo Audu. A kasuwar Wudil, ranar Juma'a, a nemo mutum ɗaya! Wani kuma ya ruga gidan dagaci, aka ce ya riga ya tafi gari don sallar Juma'a. Suka tsaya sun zagaye inji, magidanta masu hankali, masu iyali, suna salati suna kallo. Fenti ya fara ƙauri, hayaƙi ya koma baƙi, inji ya yi ta bugawa kamar ana daka a turmi, sannan ya yi shiru da kansa.

Kwance injin nan shi ne aiki mafi ɗaci da na yi a sana'ata. Fistan ya manne da gidansa, boris ya narke, robobin famfo duk sun ƙone. Na ɗauki abin da ya lalace a buhu na shiga Kano, na bi masu sayar da kayan inji shago-shago, kowa ya juya shi ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Ashe ɗan kwangila daga wata ƙasa ya kwaso injinan, ba mai kawo kayan gyaransu, shi kuma ya koma kwangilar hanya. Na je ofis. Injiniya Bashir ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce babu abin da aka ware don gyara, amma an sa ƙauyen cikin waɗanda za a ba sabon inji in an tashi wani rabon. Na ce, "Yallaɓai, albasa za ta jira rabo?" Ya fita da ni waje, ya kai ni da kansa wurin wasu masu sassaƙa ƙarfe ko za su iya ƙera mana wani abu. Sun gwada. Aikin ya ci lokacin da ba mu da shi.

A ƙauye kuwa Baba Ilu da 'ya'yansa sun koma ɗaukar ruwa a garwa daga kogi zuwa tudu. Kafin ka sauke garwa ka juya, ƙasa ta shanye. Ya rushe rumfarsa ya ciro itacen jigon ya kafa a bakin ruwa, amma jigo a gindinsa yake zubarwa, ba ya aika ruwa tudu. Sai ya fara zaɓe: ya saki layin can, ya riƙe na nan, gobe ya saki na nan ya riƙe fangalin iri kaɗai. Shi ma fangalin irin ganyensa ya kwanta, bai kai ga fure ba. Duk wanda ya taɓa karɓar iri a hannunsa a tudun nan ya shuka, tasu ma ta tafi tare da tasa.

Daga baya an kawo sabon inji, da makaɗa, da wani sabon babba. Na bi masu shirya buki ina roƙo a sa a jawabi cewa manoma su kula da injinsu, a ambaci sunan waɗanda aka yarda su taɓa. Aka ce mini an riga an buga jawabi a tafireta.

To Nura, da kai da abokanka, aiki ba ya ƙarewa ranar da ruwa ya fito, ranar yake farawa. Kafin ka ɗauki hoton naka, ka san me zai fara lalacewa a famfon nan, da shagon da ake sayar da shi, ka kuma faɗa wa mai lambu. Ka tsayar da shi ya kunna ya kashe da hannunsa a gabanka, shi da ɗansa da duk wanda ke wuni a lambun. Ka nuna masa abin da zai yi kullum da abin da zai bar maka. Kuma a gaban mutane za ka faɗa, da ƙarfi, cewa nasa ne, ya taɓa. In ka ce kada ya taɓa komai don kada ya ɓata maka aiki, zai ji maganarka, domin mutanenmu suna jin magana, kuma ranar da abin zai mutu kana wani gari wayarka a kashe.

Baba Ilu bai sake lambu ba. Bayan cire albasar shekarar da injin ya ƙone, wata Juma'a na shiga kasuwa sayen bel, na hango shi a layin 'yan albasa. Na saba ganinsa a can zaune a kan buhu ana layi a gabansa. Wannan karon a tsugune yake gaban tiren wani mai kashi-kashi. Ya ɗauki albasa ɗaya, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya shinshina, ya ce wa mai tiren, "Wanda ya noma wannan ya yanke mata ruwa da wuri. Ba za ta ajiyu ba."

Mai tiren bai san shi ba. Ya ce, "Baba, in za ka saya ka saya, in ba ka san albasa ba ka ba mutane wuri."

Baba Ilu ya ajiye albasar. Ya zaɓi ƙaramin kashi, ya biya. Yana miƙewa muka haɗa ido. Sai ya yi sauri ya tura albasar cikin hannun rigarsa, ya ɗora ɗaya hannun a kai, ya ce, "A'a, Habu, an shigo kasuwa? Ya aiki?"